Kantin Masaƙan Rochdale: Yadda Cefanen Kirsimeti Ya Samu Amana

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa a jajiberen biki ya san abubuwa biyu da ke cinye aljihun talaka: tsada da algus. Wannan matsala ba yau ta fara ba. Ita ce ma ta haifar da kantin haɗin gwiwa irin wanda aka sani a yau, kuma labarinsa ya faro ne ana saura kwana huɗu Kirsimeti.

A shekarun 1840, garin Rochdale da ke kusa da Manchesta a Ingila garin saƙa ne. Injina sun karya darajar masaƙan hannu, albashi ya yi ƙasa, abinci kuma ya yi tsada. Mai ƙaramin ƙarfi sai dai ya ci bashi a kantin unguwa, wanda kuma ake bin sa bashi ba ya iya cewa mudu bai cika ba. Ana zuba alli ko alif a fulawa don ta yi fari, ana tsarma ruwa a madara, ana rina ganyen shayin da aka riga aka sha a sake sayarwa.

Sai mutum 28, da yawansu masaƙa, suka riƙa tara 'yan kwabbai duk mako har suka haɗa kusan fam 28. Ranar 21 ga Disamba 1844 suka buɗe kanti a titin Toad Lane. Kayan ciki ba su taka kara sun karya ba: fulawa, sukari, man shanu, garin hatsin ot da 'yan kyandirori. Ƙa'idojinsu ne suka bambanta su. Abinci ba algus, awo cikakke, ciniki kuɗi hannu ba bashi, kowane mamba ƙuri'a ɗaya komai yawan jarinsa. Ribar kuma a raba ta gwargwadon sayayyar kowa.

Kimiyya ta zo daga baya ta tabbatar da cewa ƙorafinsu ba ƙage ba ne. Daga 1851 zuwa 1854, wani likita mai suna Arthur Hill Hassall ya duba dubban samfuran abincin Landan da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, mujallar likitoci ta The Lancet kuma ta wallafa sakamakon har da sunayen masu kantuna. Ya samu jar dalma a garin barkono, da launuka masu guba a alewar yara. A 1858 kuma, a garin Bradford, an yi kuskuren zuba gubar asinik a alewa maimakon farar hodar da aka saba algus da ita. Sama da mutum 200 suka kwanta, kusan 20 suka mutu. Bayan shekara biyu aka yi dokar farko ta hana algus a abinci da abin sha.

To ina ruwan Kirsimeti da wannan? Rabon ribar nan ya mayar da cefanen yau da kullum wani irin asusu. Uwar gida za ta yi ta sayen burodi da shayi duk shekara, ribarta na taruwa a littafi, idan Disamba ta zo ta karɓa ta sayi nama, zabibi da kayan ƙamshin da ake haɗa alkakin bikin, ba tare da ta ci bashin kowa ba. Buƙatar ta yi yawa har babbar ƙungiyar sari da kantunan suka kafa a 1863 ta buɗe rumbu a garin Denia na Sifaniya don sayen zabibi daga tushe.

Tsarin ya bazu duniya, har Najeriya ta yi dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa a 1935. Wanda ya san adashe ko watandar naman Sallah ba zai ga abin baƙo ba. Dabarar mutanen Rochdale ita ce mai saye shi ne mai kanti, don haka babu wanda zai ƙaru da zuba alli a fulawar da 'ya'yansa za su ci ranar biki.