Tarihin Gardamar Masana A Kan Yadda Yaro Ke Koyon Rubutu

Kowane ɗan makaranta ya san zafin jar tawada. Ka zauna ka yi shifta iyakar ƙoƙarinka, ka miƙa littafi, malam ya komo maka da shi ja wur, kamar an yanka kaza a kai. Waɗansu yara daga nan su kan yanke ƙauna, su ce kansu ba ya ja. To, ku saurara ku ji abin da masana suka yi ta gardama a kai shekaru aru aru, watau yadda yaro ke koyon rubutu, da abin da ke sa shi kuskure.

Mu fara da mutanen da. A birnin Rum an yi wani babban malami wai shi Kwintiliyan, wanda ya wallafa littafi a kan tarbiyya wajen shekara ta 95. Ya ga malaman zamaninsa suna sa yara rera sunayen baƙaƙe a jere tun ba su san kamanninsu ba, har ya zama in an birkita jerin sai yaro ya rikice. Saboda haka ya ba da shawara a sassaƙa baƙaƙe da hauren giwa a ba yaro ya yi wasa da su, a kuma ƙwaƙule siffarsu a jikin allo, don alƙalaminsa ya riƙa bin gurbin har hannu ya saba. A ganinsa daga baƙi a ke zuwa gaɓa, daga gaɓa a je kalma, ba a tsallake ko ɗaya. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ji wannan baƙon abu ba, gama can ma da babbaƙu a ke farawa, sa'an nan a shiga farfaru.

Wannan hanya ta kwaikwayo da hadda ta daɗe ƙwarai, ta kuwa yaye malamai masu yawa. A shekarar 1783 wani Ba'amurke, Noah Webster, ya buga littafin koyon haɗa baƙaƙe mai shuɗin bango, aka sayar da miliyoyinsa. Yara su kan tashi tsaye su yi ta ƙirga baƙaƙen kalmomi da ka, wanda ya yi tuntuɓe ya koma baya. Abin da malamai suka ɗauka a lokacin shi ne, rubutu aikin hannu ne da tuni, kuskure kuwa ko lalaci ne ko dakikanci.

Ana nan haka, sai wani likitan yara a Amurka, Joseph Rice, ya ce bari a gwada a gani. Ya bi makarantu birni birni, ya jarraba yara fiye da 30,000, ya bayyana abin da ya samu a 1897. Ashe makarantun da ke ɓata minti 40 ko 50 kullum wajen haddar kalmomi ba su fi masu yin minti 10 ko 15 ba. Malamai da yawa ransu ya ɓaci da wannan magana, amma daga nan mutane suka fara tunani, in yawan maimaici ba shi ne maganin ba, to, mene ne?

Bayan shekara 10 aka sami wata amsa daga ƙasar Italiya. A watan Janairu na 1907 wata likita, Maria Montessori, ta buɗe gidan renon 'ya'yan talakawa a unguwar San Lorenzo cikin birnin Rum. Ta yanka baƙaƙe da takardar nan mai kaushi da kafintoci ke goge katako, ta manna a kwali. Yaro ya kan bi baƙi da yatsa yana faɗin sautinsa, ba sunansa ba. Ta ba da labari cewa wata rana cikin watan Disamba suna bisa soro suna shan hantsi, ta miƙa wa wani yaro ɗan shekara 5 alli ya yi zane. Da ya gama sai ya duƙa ya rubuta kalmar da ke nufin hannu da harshensu, alhali ba wanda ya taɓa koya masa ita, ya yi ta ihu don murna. Nan da nan sauran yara suka dafe shi, kowa na neman alli. Abin da ta fahimta shi ne, yaron da ya san sautin kowane baƙi ya kan iya tsinka kalma da kunnensa ya rubuta ta, har sau da yawa rubutu ya kan riga karatu zuwa. Amma fa a lura, Italiyanci kusan yadda a ke faɗinsa haka a ke rubuta shi, kamar Hausa. Ingilishi kuwa ba haka ya ke ba.

Duk da haka cikin Ingilishin ma an ga abin mamaki. A 1971 wani masanin harshe a Amurka, Charles Read, ya tattara rubuce-rubucen ƙananan yara waɗanda ba su shiga makaranta ba tukuna, sun dai san sunayen baƙaƙe. Ya tarar yaran da ba su taɓa ganin juna ba suna kuskure iri ɗaya. Kalmar train, watau jirgin ƙasa, su kan fara ta da ch maimakon t, don kuwa in ka kasa kunne sosai, abin da ke fita bakin mai harshen ya yi kusa da haka. Su kan kuma yar da m ko n in wani baƙi ya biyo baya, don sautin ya shige cikin hanci, ba ya fita sarai. Ka ga ashe kuskuren nan da dalilinsa. Manya ne suka saba da ganin kalma a takarda har suka daina jin ta.

A ƙasar Ajantina kuma, Emilia Ferreiro, almajirar shahararren masanin nan Piaget, da abokiyar aikinta Ana Teberosky, suka zauna da yaran birnin Buenos Aires suna yi musu tambayoyi, suka buga littafinsu a 1979. Suka ga tun yaro bai san sautin baƙi ko ɗaya ba yana da nasa ra'ayi. Wani ya ce in baƙaƙe ba su kai 3 ba, ba su karantuwa. Wani yana tsammani sunan babban abu ya fi na ƙarami yawan baƙaƙe. In ya ƙara wayo sai ya riƙa sa baƙi guda a madadin kowace gaɓa, daga baya ya ga abin bai ishe shi ba, ya sake shawara. Watau yaro na hawa ne mataki mataki, kowane mataki kuwa da irin kuskurensa.

To, kada wani ya ji wannan ya ce shi ke nan, a bar kowa ya rubuta yadda ya ga dama. A shekarar 2000 wani kwamitin masana da hukumar Amurka ta naɗa ya duba binciken da aka yi a baya, ya tabbatar cewa yaran da aka koya wa sautin baƙaƙe bi da bi, bisa tsari, sun fi samun ci gaba. Ban da wannan kuma, akwai abin da kunne ba ya iya gaya maka, gama ƙa'idar rubutu shiri ne da mutane suka yi tsakaninsu. Namu na boko ma haka ne. Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buga ƙa'idodin rubutun Hausa a 1912, baƙaƙe masu ƙugiya kuwa, watau ɓ da ɗ da ƙ, sai bayan 1930 suka shigo.

Ga misali. Yaro ya rubuta "gaarin dawa" da a biyu, malam ya soke guda. Yaron nan ya ji daidai, don wasalin garin tuwo ya fi na garin Kano tsawo, sai dai an shirya ba a nuna tsawon wasali a rubutunmu na yau da kullum. Wani kuma ya rubuta "yazo" a haɗe, don a baki ba a tsayawa tsakani, amma ƙa'ida ta ce a raba, a rubuta "ya zo". Irin waɗannan sai an koya, sai kuma an yawaita karatu ido ya saba.

Saboda haka, ya ku 'yan makaranta, in littafinku ya komo da jar tawada, kada ku rufe shi ku tura ƙarƙashin tabarma. Ku dubi kowace kalma da aka soke, ku faɗe ta a hankali, ku ga ko kunne ne ya tsallake wani sauti, ko kuwa wata ƙa'ida ce ba ku sani ba tukuna. In na fari ne, ku sake saurare. In na biyu ne, ku tambayi malam dalili. Da yawanku kuma nan gaba ku ne za ku riƙe jan alƙalamin. Ran da ƙaramin yaro ya miƙo muku allonsa da "gaari" a kai, ku fara tambayarsa abin da ya ji kafin ku soke.