Tsara Ayyukan Shaƙatawa da Ilimantarwa a Gandun Daji: Nazari kan Al'ummar Unguwar Kilomita Biyar a Bangui

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda za a tsara ayyukan shaƙatawa da ilimantarwa a wuraren da aka keɓe don kare halittu a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta yadda mazauna unguwar Kilomita Biyar za su amfana. An bi hanyar kwatanta wurare uku: gandun Dzanga-Sangha, gangaren ruwan Boali da tsaunin Gbazabangui. Nazarin ya nuna cewa wurin da ya fi kusa shi ya kamata a fara da shi, kuma a ɗora tsarin a kan jadawalin kasuwa da makaranta da masallaci.

Muhallin Bincike

Kilomita Biyar, wadda aka fi sani da PK5, tana gunduma ta 3 ta birnin Bangui. Ita ce cibiyar kasuwancin birnin, kuma mazaunin Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi tun zamanin Turawan Faransa. Bayan da 'yan tawayen Seleka suka ƙwace mulki a watan Maris na 2013, kuma 'yan bindigar Anti-balaka suka far wa birnin ranar 5 ga Disamba na shekarar, unguwar ta zama mafakar Musulmin da suka rage, fita daga cikinta kuwa sai da sayar da rai. A babban masallacinta Fafaroma Francis ya sauka ranar 30 ga Nuwamba, 2015. Yaran da aka haifa a wancan lokaci yanzu sun tasa, kuma su ne wannan nazari ya fi damuwa da su.

Wuraren da Aka Kwatanta

Dzanga-Sangha, da aka kafa a 1990 kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2012 cikin gandun haɗin gwiwa na Sangha, shi ne abin alfaharin ƙasar. A filin Dzanga Bai giwayen kurmi kan taru suna haƙar gishirin ƙasa, maziyarci yana kallonsu daga dandamalin katako. Sai dai garin Bayanga yana da nisan kimanin kilomita 500 daga Bangui, kuma tsarin ziyarar na masu yawon buɗe ido ne daga Turai da Amurka. Ɗan mai shago a PK5 ba ya cikin lissafin.

Boali ya fi kusa, tafiyar kimanin kilomita 100 ce. Ruwan kogin Mbali yana zubowa daga tsayin mita 50, kuma daga nan wutar lantarkin Bangui take fitowa, darasi ne a fili kan alaƙar ruwa da daji da makamashi. Amma a nan ne mai tsara shiri ya kamata ya yi hattara. A watan Janairu na 2014 ɗaruruwan Musulmin Boali sun fake a cocin Katolika na garin kafin a kwashe su. Uban da ya san wannan labari ba zai saki ɗansa zuwa can don kawai an ce masa akwai mota kyauta ba. Sai limamai da fastoci da masu unguwanni sun fara taka hanyar tare, an ga sun je sun dawo lafiya. A ganin mai wannan nazari, ziyarar Boali mataki na biyu ce.

Na farko shi ne Gbazabangui, tsaunin kurmi da ke kallon birnin, wanda sarar itace da noma ke ci gaba da cinyewa. Daga samansa ana hango kogin Ubangi da garin Zongo a tsallake, cikin Kwango Kinshasa. Babur ma yana kai mutum gindinsa.

Tsarin da Ya Dace

Lokaci ne ginshiƙi. Ɗan kasuwa ba ya rufe shago don kallon itatuwa, amma makarantar allo tana hutu Alhamis da Juma'a, saboda haka safiyar Alhamis ta fi dacewa da almajirai, Asabar kuma da 'yan boko. A tashi bayan sallar Asuba, a sauko kafin rana ta take. A tanadi ruwan alwala da inuwar yin salla, a samu mata 'yan rakiya don 'yan mata, in ba haka ba iyaye ba za su bari ba. Watannin rani, daga Disamba zuwa Fabrairu, sun fi sauƙin hawa. Ranakun Salla kuwa na iyalai ne. Duk wanda ya ga cikar gidan namun daji na Audu Bako a Kano a irin waɗannan ranaku ya san cewa Bahaushe yana fita shaƙatawa in ranar ta dace da shi.

Darasin kansa ya fito daga abin da yaro ya sani. A tsaya gindin rimi, a sa shi ya shafa saiwar, ya faɗi sunan da Hausa, abokinsa ya faɗa da harshen Sango, a rubuta duka biyun a allon katako da boko da ajami. Daga nan a tambaye su inda gawayin da ake girki da shi a gida yake fitowa, da inda ruwan sama yake bi in an sare tsaunin.

Akwai kuma batun shanu. Mahauta da dillalan unguwar suna da alaƙa ta kai tsaye da makiyayan da ke ratsa gandayen arewa da gabas, irin su Manovo-Gounda St Floris da ke cikin jerin UNESCO na wuraren da ke fuskantar haɗari tun 1997. A gandun Chinko, inda ƙungiyar African Parks take aiki tun 2014, an ɗauki jami'an wayar da kai daga cikin makiyaya don su nuna wa 'yan'uwansu burtali. Yaran PK5 masu jin Fulatanci da Larabci da Sango sun dace da irin wannan aiki nan gaba.

Ana kira ga ma'aikatar ruwa da gandun daji da Jami'ar Bangui su zauna da kwamitin babban masallaci da shugabannin 'yan kasuwa, su fitar da jadawalin ziyarar Gbazabangui kafin rani mai zuwa.