Yadda Shirun Minti Ɗaya Ya Koma Tafi a Filayen Ƙwallo

Duk mai kallon ƙwallon Turai ya san abin. 'Yan wasa za su kewaye da'irar tsakiyar fili, kowa da baƙin ƙyalle a damtse, alkalin wasa ya busa usur, fili mai mutum dubu sittin ya yi tsit. Wannan al'ada ba a filin ƙwallo aka haife ta ba, yaƙi ne ya haife ta.

A 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutanen Cape Town a Afirka ta Kudu suka fara dakatar da harkokinsu da tsakar rana don tuna 'ya'yansu da ke mutuwa a fagen fama. Sir Percy FitzPatrick, wanda shi ma yaƙin ya ci ɗansa, ya kai shawarar ga Sarki George na Biyar. Ranar 11 ga Nuwamba 1919, da ƙarfe 11 na safe, Birtaniya ta yi shiru na minti biyu. Daga nan kulob-kulob suka ari al'adar, kuma an yi ta a Fabrairun 1958, bayan hatsarin jirgin sama a Munich ya hallaka mutum 23, takwas daga cikinsu 'yan wasan Manchester United.

Shekaru da dama shirun ya wadatar. Da Bobby Moore, kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Ingila Kofin Duniya a 1966, ya rasu a 1993, magoya baya sun cika ƙofar filin West Ham, tsohon kulob ɗinsa, da furanni da riguna, daga baya kulob ɗin ya jingine lambarsa ta 6.

Sai dai shiru abu ne mai rauni. Mutum goma marasa kunya sun isa su ɓata wa dubbai. Hakan ta faru bayan rasuwar George Best ranar 25 ga Nuwamba 2005, yana da shekara 59. Best ɗan Belfast ne, gwanin yanka da United ba ta sake samun irinsa ba, wanda giya ta cinye masa hanta da sauran rayuwarsa. A wasan Manchester City da Liverpool, hayaniyar wasu 'yan kallo ta sa alkalin wasa ya katse shirun tun minti bai cika ba. Amma a filin West Ham, inda United ta je baƙunta, an sallame shi da tafi na minti guda, irin yadda mutanen Italiya suka daɗe suna raka gawar wanda suke ƙauna. Tafin ya danne bakin duk mai niyyar ihu, kuma nan da nan sauran filaye suka ɗauka.

Wasu sun ce wannan gudun abin kunya ne kawai, an rufe rashin tarbiyya da ƙarar hannu. Akwai gaskiya a ciki, kuma ni ma ina ganin mutuwar bala'i, irin ta Munich ko ta Marc-Vivien Foé na Kamaru da ya faɗi a filin Lyon a 2003, shiru ne ya dace da ita. Amma tsohon ɗan wasa daban ne. Da sowa jama'a suka san shi, da sowa suka yi ta gode masa tun yana matashi, don haka ba laifi su yi masa ta ƙarshe da abin da suka saba.

Tun daga nan makokin sai ƙara faɗi yake. Belfast ta sa wa ɗaya daga cikin filayen jirgin samanta sunan Best a 2006. Maradona ya rasu a 2020, shi ma ranar 25 ga Nuwamba; Ajantina ta yi zaman makoki na kwana uku, birnin Napoli kuma ya maida sunan filin San Paolo nasa. Magoya baya ma sun ƙirƙiro tasu hanyar, wato tafi ana cikin wasa, a daidai mintin da ya zo ɗaya da lambar rigar mamacin. Haka 'yan Liverpool ke yi a minti na 20 saboda ɗan wasansu Diogo Jota, wanda ya mutu a hatsarin mota a Sifaniya ranar 3 ga Yulin 2025, ranar da mu ma muka yi rashin Peter Rufai, golan Super Eagles na 1994.