Cittarmu a Kwalbar Wasu

A shekarar 2004 wasu Turawan Ingila biyu, Charles Rolls da Tim Warrillow, suka kafa wani kamfanin lemo a Landan mai suna Fever-Tree. Dabararsu ita ce su yi lemo mai tsada, su kuma gaya wa mai saye inda kowane kayan haɗi ya fito. Lemon cittarsu, wanda suke kira ginger beer, da citta iri uku ake haɗa shi: ɗanya daga Kwaddibuwa, wata daga Kochin ta ƙasar Indiya, ta ukun kuma daga Nijeriya. Ba su ɓoye wannan ba, da shi ma suke talla.

Cittar Nijeriya kuwa mun san gidanta. Yawancinta daga kudancin Kaduna take fitowa, Kachia da Kwoi da Kagarko da kewayen Kafanchan, inda aka fara nomanta don sayarwa tun a shekarun 1920. Manoma sun raba ta biyu da sunayen Hausa: tafin giwa, mai faɗi da launin ɗorawa, da yatsun biri, siririya mai duhu wadda ta fi yaji. A tsaga ta, a shanya, a ɗura a buhu, wata ta biyo ta kasuwar Dawanau, daga nan sai tashar jirgin ruwa a Legas. A Kanon da buhunan nan suke ratsawa akwai rukunin masana'antu uku, Bompai da Sharaɗa da Challawa, kuma an daɗe ana ɗura lemo a cikinsu. Abin tambaya shi ne yadda aka yi cittar ta wuce ta ƙofar waɗannan masana'antu, ta je wata nahiya kafin a san darajarta a kwalba.

Sai mu fara da sunan, don shi ne abu na farko da zai sa Bakano ya ajiye kwalbar. Kalmar beer giya take nufi, kuma asalin abin giya ne. A Ingila, a ƙarni na 18, ana jiƙa citta da sukari da ruwa, a bar su su yi tsami har su tashi, a sami abin sha mai kumfa mai ɗan bugarwa. Daga baya da injin cusa wa ruwa iskar gas ya yaɗu, sai masu kamfani suka daina jiran tsami, sunan kawai ya rage. Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna yau lemo ne zalla, ko da yake akwai mai giya a ciki, saboda haka karanta jikin kwalba wajibi ne. Ƙaninsa ginger ale, wanda ya fi shi sanyin hali, a Ireland aka fara yin sa a ƙarni na 19, sannan John McLaughlin ya fito da Canada Dry a Toronto a 1904. Shi kuwa Schweppes ya girme su duka a matsayin kamfani, don Jacob Schweppe ya fara sayar da ruwa mai gas a Janiba tun 1783.

Waɗannan lemuka ba don a sha su kaɗai aka yi su ba. Turawa suna sirka barasa da su ne. Tonik, mai ɗacin nan, ɗacinsa na kwinin ne, maganin zazzaɓin cizon sauro da Turawan mulki suke sha a ƙasashe masu zafi. Ta wannan hanya irin waɗannan kwalabe suka fara shigowa Kano bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911: ta kantunan Turawa, zuwa gidajen Nassarawa da teburin Kano Club da ke kan hanyar Bompai. Mu da muke cikin ganuwa ba mu da rabo a ciki, ba ma kuma nema. Da abin ya zo hannunmu daga baya, sai muka sha shi yadda mai shi bai nufa ba, wato shi kaɗai, da sanyi, bayan tuwo mai nauyi. Har yau akwai dattijan da ba su yarda da wani maganin kumburin ciki kamar Bitter Lemon ba.

Bompai ce babbar yaya a cikin rukunan ukun. A shekarun 1950 aka ware ta, lokacin da kuɗin gyaɗa ya cika gari, 'yan kasuwar gida da Kwarori 'yan Labanan suka fara zuba jari a matsar mai da saƙa da alewa da kwanuka. Sharaɗa da Challawa sun biyo baya da arzikin man fetur na shekarun 1970. A ɓangaren lemo, manyan biyu daga Legas suka taso. Nigerian Bottling Company, wanda A. G. Leventis ya kafa a 1951, ya fara ɗura Coca-Cola a 1953, kuma yana da babbar masana'anta a Challawa. Seven-Up na iyalin El-Khalil ya fara aiki ranar 1 ga Oktoban 1960, ranar da ƙasa ta sami 'yanci, shi ma ya zo ya kafa reshe a Kano.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba yadda sana'ar take, don amsar tambayarmu tana ciki. Kamfanin ɗura lemo ba shi ne mai girkin ba. Uwar kamfani a waje ita ke da sirrin haɗin, ta sayar wa mai ɗura da shi a dunƙule, kamar yadda ake sayar da dunƙulen miya. Aikin masana'antar Challawa shi ne ta tace ruwa, ta zuba sukari, ta cusa gas, ta rufe kwalba, ta ɗora a mota. Aiki ne babba, ya ciyar da gidaje masu yawa, daga direbobi zuwa dilolin kasuwar Singa zuwa mai firji a bakin layi. Amma a irin wannan tsari babu ƙofar da manomin Kachia zai shigo da buhunsa. Ko lokacin da ake yin Fanta Ginger Ale, wadda manyanmu suke tunawa, ƙamshin a cikin haɗin da aka aiko yake zuwa. Injinan an ƙera su ne don ruwa garau marar laka, mai iya wata da watanni a kan kanta bai canza ba. Lemon citta na gaske kuwa yana kwantar da ƙasa, kuma idan zafin Kano ya same shi kwana biyu sai ya fara tsami, wato ya kama hanyar komawa ainihin abin da Turawan ƙarni na 18 suke sha.

Duk tsawon wannan lokaci muna da namu. Citta tana cikin yajin mai jego, tana cikin kunun zaƙi da fura da shayi. Lamurje, da tsamiya da citta da kanumfari da ɗan barkono, ya riga kowace kwalba zuwa gidan biki. Idan azumi ya zo, gidan da ba a dama zoɓo ko jinja ba sai dai in maƙwabta sun aiko.

To mu jera su a faranti ɗaya, kofi uku, mu ɗanɗana da gaskiya. Ginger ale na kwalba launinsa kamar shayi marar madara, gas ne yake fara dukan harshe, sai zaƙi, cittar kuma daga nesa take ɗaga hannu. Yaro zai shanye bai yamutsa fuska ba. Ginger beer mai tsada irin na waje ya fi shi nisa: launinsa dishi-dishi, ƙamshin ɗanyar citta yana tashi tun kafin a kai baki, yajin kuma sai an haɗiye yake kama maƙogwaro, ya ɗan zauna, ya tafi. An auna komai. Kwalbar yau da ta baɗi ɗaya suke. Na ukun shi ne jinjar gida, wadda aka jiƙa busasshiyar citta aka markaɗa da kanumfari da masoro, wani lokaci da ɓawon abarba da lemon tsami. Ba ta da gas, ba ta kuma buƙatarsa. Yajinta tun daga leɓe yake farawa har ƙirji, kuma akwai dalili: idan citta ta bushe, sinadarin yajinta yakan rikiɗe zuwa wani wanda ya fi shi zafi, shi ya sa busasshiya ta fi ɗanya cizo. A ganinmu, idan hannun mai haɗawa ya faɗa daidai, kofi na uku ya fi sauran biyun cika baki, nesa ba kusa ba.

Sai dai “idan” ɗin nan babba ne. Jinjar da muke saye a bakin titi yau daban, gobe daban. Wata an cika mata sukari har yajin ya suma, wata an zuba filebo da kala don a rage citta, wata kuma ba mu san ruwan da aka yi ta da shi ba. Abin da Baturen Landan yake karɓar kuɗi a kansa, ban da suna, shi ne alƙawarin cewa abin da ka sha jiya shi za ka sha gobe.

An yi yunƙuri. Dala Foods da ke Sharaɗa ya ɗauki kunun tsamiya ya mayar da shi gari a fakiti, wanda ya nuna cewa abin shanmu yana iya shiga inji bai rasa kamanninsa ba. Amma irin wannan yunƙuri ya zo ne a zamanin da masana'antun Kano suke ta numfashi da ƙyar. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar Naira, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar NEPA ta zama baƙuwa, kayan waje masu araha suka cika kasuwa. Wanda ya zaga Sharaɗa da Bompai ya ga gine-ginen da suka koma ɗakunan ajiya. Mai masana'antar da yake sayen dizal don ya kunna inji ba shi da sararin gwada sabon abu, abin da ya tabbatar zai sayu shi zai yi. Ko da Mamuda, kamfanin Challawa da aka fi sani da jima, ya shiga harkar lemo, da Pop Cola ya yi suna a 2021, har Coca-Cola ta kai shi Babbar Kotun Tarayya a Kano kan kamannin tambari. Kola dai aka sake yi. Su kuwa lemukan da suka ɗauki sunan abin shanmu, irin su Bigi mai tsamiya, daga jihar Ogun ake kawo mana su.

A daminar 2023 wata cutar ruɓa ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ta cinye mafi yawan amfanin shekarar. Manoma da yawa ko irin shuka ba su tsira da shi ba. Farashi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, kuma wanda yake saye da dala shi ya fi ƙarfin abin da ya rage. A Kano mun ji abin a harshenmu: mai shayi ya rage, masu jinja wasu suka koma zoɓo, wasu suka ƙara barkono don ya rufe gurbin citta.

Matan da suka ci gaba da yi suna nan a lungunan Kurna da Ɗorayi da Brigade, suna tashi da asuba su tace, su ɗura, yara su ɗauka a kula zuwa tasha da bakin makaranta. Mazubin da suke ɗurawa a ciki robobin lemo ne da aka sha aka yar, aka tsinto aka wanke aka sayar musu da dozin. Wasu ma ba a ɓare takardar jikinsu ba, da sunan kamfanin da ya yi su da lambar NAFDAC ta lemon da ya riga jinjar zama a ciki.