Daga Ibadan zuwa Yamai: Yadda Ilimin Adana Bayanai ya Kafu a Afirka ta Yamma

Idan jami'a ta keɓe rana ta buɗe ƙofofinta ga baƙi, sashen ilimin ɗakin karatu da bayanai yakan jera kwamfutoci, ya nuna yadda ake laluben littafi ta intanet cikin ƙiftawar ido. Mai ziyara zai ɗauka fannin ɗan bana-bakwai ne. Alhali tambayar da malaman sashen ke bincike a kai, wato yadda bayani zai isa ga mai buƙatarsa, ta girmi kwamfutocin da shekaru masu yawa.

A shekarar 1953 hukumar UNESCO ta kira taro a Ibadan a kan bunƙasa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. A wancan zamani, wanda ke son takardar shaidar wannan aiki sai ya zauna jarrabawar ƙungiyar ma'aikatan ɗakin karatu ta Ingila, wadda aka tsara domin masu karatu na can. Taron ya nuna buƙatar a horar da ma'aikata a gida. Bayan rahoton wani masani ɗan Amurka, Harold Lancour, gidauniyar Carnegie ta ba da kuɗi, aka buɗe makarantar horarwa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1960. Gana ta buɗe tata a Accra, ta mayar da ita jami'ar Legon a 1965. Ƙasashen da Faransa ta rena kuwa suka haɗu a Dakar: cibiyar da aka kafa a 1963 ita ce ta zama makarantar EBAD a 1967, kuma can Nijar da maƙwabtanta suka riƙa tura 'ya'yansu.

Inda aka yi ja-in-ja shi ne a kan wanda za a horar. Ibadan ta fi karkata ga masu digiri, 'yan ƙalilan da za su jagoranci manyan ɗakunan karatu. Arewacin Nijeriya ba shugabanni kaɗai ta rasa ba, hannayen aikin ma babu. Rahoton F. A. Sharr na 1963 ya bayyana wannan giɓi, kuma a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashenta da karatun digirin farko. Wasu manyan fannin sun ga kamar an rage wa sana'ar daraja. Lokaci ya ba Zariya gaskiya, domin tafarkinta jami'o'in da suka biyo baya suka bi.

Sai dai duk makarantun nan a kan littafin ɗab'i na Turanci ko Faransanci aka gina manhajarsu, alhali ilimin mutanen ƙasa yana cikin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, da kuma bakunan dattawa da maroƙa. A nan Yamai ta yi abin a yaba. Boubou Hama, shugaban Majalisar Dokokin Nijar daga 1958 zuwa 1974, ya duƙufa wajen tattara irin waɗannan takardu, wasu na asali, wasu kwafi. Yau suna cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, adadinsu ya kai dubbai. A birnin ne kuma aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a 1968, wadda aka sani da CELHTO.

Tattarawa rabin aiki ce. Takardar da ba a rubuta sunanta, da marubucinta, da abin da ta ƙunsa a kundin jeri ba, ko tana cikin akwatin ƙarfe, ɓatacciya ce ga mai nema. Jera rubutun ajami kuwa yana son mutum mai Larabci, mai Hausa ko Fulatanci, wanda kuma ya san ƙa'idar jeri. Makarantar allo ta ba da na farko, jami'a ta ba da na ƙarshe, ba safai suke haɗuwa a mutum guda ba. Shi ya sa sai bayan shekara ta 2000 gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta buga kundin jerin rubuce-rubucen IRSH cikin mujalladai, shekaru kusan talatin bayan juyin mulkin 1974 da ya kai Boubou Hama kurkuku.