Daga Bangon Ɗaki Zuwa Bayan Kunne: Tarihin Sa Ido a Wasannin Talabijin na Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Tsoron a leƙa sirrin mutum ya daɗe a wasannin talabijin na ƙagaggen labarin kimiyya, wato labaran da ake ginawa a kan na'urorin da ba a ƙera ba tukuna. A 1954 BBC ta mayar da littafin George Orwell, Nineteen Eighty-Four, wasan kwaikwayo, inda allon da ke bango yake kallon mai gida yana kuma sauraronsa, kuma wasan ya tayar da ƙura har a majalisar dokokin Birtaniya. The Prisoner na 1967 ya bi sahu, domin a duka biyun hukuma ce mai ido, talaka kuwa abin kallo ne kawai.

Sauyi na haƙiƙa ya bayyana a 2011, a wani kashi na shirin Black Mirror mai suna The Entire History of You, wanda Jesse Armstrong ya rubuta. A nan ana dasa wa mutane wata 'yar na'ura a bayan kunne, tana naɗar duk abin da suka gani ko suka ji, sai wani lauya ya yi ta maimaita kallon fuskar matarsa yana neman shaidar cin amana, har auren ya mutu. Ƙarfin wannan labari shi ne ba gwamnati ce ta tilasta wa kowa ba, mutane ne da kansu suka rungumi na'urar. Shekara uku bayan haka, batun ya fito a zahiri: kisan da wani ɗan sanda ya yi wa wani matashi mai suna Michael Brown a garin Ferguson ya sa 'yan sandan Amurka da dama suka fara maƙala kyamara a ƙirji, aka koma muhawara kan wanda ke da ikon kunnawa, kashewa da adana hoton.