Kwalbar Yamai da Kwalbar Kano: Tarihin Lemu a Ƙasar Arewa

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi Birnin Konni ya san Dogon Dutsi wurin yada zango ne. Bayan tafiyar kilomita kimanin 270, motoci sukan tsaya, fasinja su sauko su yi salla, su ci tsire, su nemi abin jiƙa maƙoshi. Nan da nan yara masu talla za su kewaye mota da lemu mai sanyi. In matafiyi ya juya kwalbar da ya saya ya duba bayanta, sau da yawa zai tarar da rubutun Ingilishi da sunan wani gari na Najeriya. A zamanin iyayensa ba haka abin yake ba. Kwalbar gilas ce mai nauyi, ta fito daga Yamai, kuma a tsaye ake shanye ta a gaban mai kanti, domin ba a tafiya da ita.

Tsakanin waɗannan kwalabe biyu akwai tarihi. Ƙasar da ake magana a kanta ita ce Arewa ta Arawa da Gubawa, ƙasar Sarkin Arewa na Matankari da Sarauniyar Lugu da Samnan Tibiri, wadda a yau ta rabu gunduma biyu cikin jihar Doso, tun da aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi a shekarar 2011. Ƙasa ce da ke tsakanin babban birnin Nijar a yamma da iyakar Kabi da Sakkwato a gabas. Wannan zama na tsaka-tsaki shi ya tsara yadda lemu ke yawaita ko ya yi ƙaranci a kasuwanninta, fiye da duk wani talla da kamfanoni suka taɓa yi.

Goro ya riga kwalba

Kafin a zo ga kwalba, ya dace a tuna cewa kalmar kola da ke jikinta sunan goro ce. A shekarar 1886 wani mai haɗa magunguna a birnin Atlanta na Amurka, John Pemberton, ya haɗa wani abin sha, aka raɗa masa suna daga ganyen koka da ƙwayar goro, wato Coca-Cola. Bayan ƴan shekaru wani mai sana'a irin tasa, Caleb Bradham, ya fito da nasa, wanda ya ɗauki sunan Pepsi-Cola a 1898. Tun daga lokacin kamfanonin biyu suke kishi da juna a ko'ina cikin duniya.

Bahaushe kuwa ya san goro ɗaruruwan shekaru kafin haka. Fatake sun yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja, suna ratsa Kabi da Dandi da Bargu, suna kai kanwa da tufafi da fatu, suna komowa da huhunan goro daga kasuwar Salaga. Da goro ake neman aure, da shi ake raɗin suna, da shi ake gaida sarki da malami. Saboda haka lokacin da lemun kwalba ya iso ƙasar Hausa, ya tarar da gurbi a shirye cikin al'ada: gurbin abin da ake miƙa wa baƙo domin girmamawa. Bai kori goro daga wurin ɗaurin aure ba, amma ya samu wurin zama a walima da liyafa da buɗa-baki.

Masana'antu biyu, kuɗi biyu

Lemu ya fara kafa gindinsa a Najeriya. A 1951 ɗan kasuwar nan A. G. Leventis ya kafa kamfanin Nigerian Bottling Company, wanda ya soma cika Coca-Cola a Legas a 1953, daga baya ya buɗe masana'antu a wasu garuruwa, har da Kano. A 1960, shekarar da ƙasashen biyu suka sami ƴancin kai, iyalin El-Khalil ƴan asalin Labanan suka soma cika Seven-Up a Legas, kuma kamfaninsu ne daga bisani ya riƙe Pepsi da Mirinda a Najeriya.

A Nijar kuwa, sai a 1967 aka kafa kamfanin Braniger a Yamai, mai yin giya da lemu, wanda ya riƙe lasisin Coca-Cola da Fanta da Sprite. Yana cikin rukunin kamfanonin Faransa da ake kira BGI, wanda attajiri Pierre Castel ya saye a 1990. Tun farko aikinsa ya fi na takwarorinsa na Najeriya wuya. Nijar ba ta da teku. Sukari da sinadarin lemu da marafai da kwalabe duk daga waje suke zuwa, galibi ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su ƙetara kogin Kwara a Gaya, su yi tafiyar kilomita kimanin dubu kafin su isa Yamai. Sannan masu saye ba su da yawa idan aka gwada da na Najeriya, ga shi sun warwatsu cikin ƙasa mai faɗi.

Ke nan mai kanti a Dogon Dutsi ko Tibiri ko Gesheme yana da ƙofa biyu. Ta yamma tana kawo lemun Yamai da ake biya da sefa, ta hanyar kwalta da takardu. Ta gabas tana kawo lemun Najeriya da ake biya da naira, ta hanyoyin rairayi da suka nufi Bachaka da Kangiwa. Sau da yawa suna ɗaya ne a jikin kwalaben biyu. Gasar da aka yi a Arewa ta fi zama tsakanin waɗannan ƙofofi biyu a kan tsakanin Coca-Cola da Pepsi.

Zamanin gilas

A zamanin kwalbar gilas, ruwan ciki kaɗai ake sayarwa. Kwalbar ta kamfani ce, kuma dole ta koma a wanke ta a sake cikawa. Babban dillali ba ya ba ƙaramin ɗan kasuwa akwati cike, mai kwalba ashirin da huɗu, sai ya kawo akwati na wofi, ko ya ajiye kuɗin jingina. Shi ma mai kanti haka yake yi wa mai saye. Wanda zai yi biki yakan ajiye kuɗi, ko ya sa wani dattijo ya tsaya masa, kuma washegari a ga yara suna bin zaure da tsakar gida suna ƙirga kwalabe, domin kowace da ta fashe bashi ce a kan mai gida.

Wannan tsari ya haifar da abubuwa biyu. Na farko, jarin mai sayar da lemu yana cikin kwalaben wofi da ya tara. Wanda ba shi da su ba ya shiga sana'ar, ko da yana da kuɗi a aljihu. Shi ya sa a kan yi ƙarancin lemu a gari alhali masana'anta ba ta daina aiki ba: in damina ta ɓata hanyoyin Dallol Mawri, ko ƙauyuka suka riƙe kwalabe a lokacin bukukuwan kaka da na salla, sai babbar mota ta zo ta rasa abin musanya. Na biyu, kwalbar ta zama mai gadin iyaka. Masana'antar Yamai kwalabenta take karɓa, ta Kano ma nata. Wanda ya ɗauko lemun Najeriya tilas ya yi tafiya biyu da kaya mai nauyi mai fashewa, zuwa da komowa, ta gaban ƴan duwan. Nauyin gilas da wajibcin mayar da shi sun kare kasuwar Braniger kamar yadda haraji ya kare ta.

Iyaka da darajar kuɗi

Duk da haka, sikeli ya yi ta rinjaya nan da can. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ba a buɗe ba sai a 1986. Rufewar ta zo daidai da babban fari, har mutane a yankunan Hausa na Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El Buhari. A irin wannan hali ba lemu ne ya dami talaka ba, gero ne. Amma darasin ya shafi kowace haja: abin da ke zuwa ta ƙofar gabas yana iya yankewa dare ɗaya, da umurnin da aka bayar a wani birni mai nisa.

A 1986 kuma Najeriya ta shiga shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi ƙwarai. Mai riƙe da sefa ya zama sarki a kasuwannin iyaka. Man fetur da sabulu da atamfa da lemu na Najeriya suka kwararo, masana'antun Nijar da dama suka shiga wahala. Sai a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Kayan Najeriya suka ɗan yi tsada, amma sukari da sinadarin da masana'antar Yamai ke sayowa daga waje su ma kuɗinsu ya ninka. Gaba kura, baya sayaki.

Zuwan roba

Abin da ya sauya al'amari gaba ɗaya shi ne kwalbar roba. A farkon shekarun 2000 kamfanin La Casera ya yi suna a Najeriya da lemun tuffa cikin roba, sauran kamfanoni suka bi sahu. Roba ba ta fashewa, ba ta da nauyi, ba a mayar da ita, ba a ajiye mata jingina. Ɗan kabu-kabu yana iya ɗaure ƙunshi da yawa a bayan babur ya ratsa daji. Yarinya mai kula da ƙanƙara tana iya fara sana'a da jari kaɗan. Matafiyi yana iya saye ta tagar mota ya wuce. Dukiyar da tsofaffin dillalai suka tara cikin akwatunan gilas ta rage daraja, kuma katangar da gilas ya gina a kan iyaka ta rushe.

A kan wannan sai ga yaƙin farashi ya ɓarke a Najeriya. A 2015 kamfanin AJE na ƙasar Peru ya shigo da Big Cola, kwalba babba a farashi mai sauƙi. Pepsi ta mayar da martani da doguwar kwalba mai santilita 60. A 2016 kamfanin Rite Foods ya fito da Bigi, daga baya kuma kamfanin Mamuda na Kano ya fito da Pop Cola. Babu ɗayansu da ya shirya wannan yaƙi domin Matankari ko Dumega, amma ambaliyarsa ta iso can. Masana'anta ɗaya a Yamai, mai sayen komai daga nesa, ba ta iya ja da waɗannan. A 2019 Braniger ta ba da sanarwar dakatar da aikinta saboda asarar da ta yi ta tafkawa, bayan shekara hamsin da ƴan kai da kafuwa.

Sanarwar ta zo a shekarar da ta nuna haɗarin dogaro da ƙofa ɗaya. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta sake rufe iyakokinta, har zuwa Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta katse wutar lantarki da yammacin ƙasar ya dogara da ita, ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairu na 2024. A irin waɗannan lokuta haja ba ta ɓacewa ɗungum, domin iyakar Arewa da Kabi ta ratsa gonaki da dangi, amma hanya takan ƙara tsawo, masu tare ta su ƙaru, farashi ya hau. Rashin wuta kuma ya taɓa ƙanƙara da firji, lemu mai zafi kuwa ba shi da masoyi a watan bazara.

Abin da ya rage a ƙasa

Kwalbar roba ta bar abu biyu a Arewa, ɗaya mai daɗi ɗaya mai ɗaci. Mai ɗacin shi ne shara. Gilas yana komawa inda ya fito, roba kuwa tana zama a kwata da gona da bakin tafki. Dokar da Nijar ta kafa a 2014 ta shafi ledoji ne, ba ta magance kwalabe ba. Mai daɗin kuwa shi ne yadda mata suka mai da kwalbar da aka yar abin sana'a. A cikinta ake zuba zoɓo da lemun tsamiya da na citta da kunun zaƙi da kunun aya, a sa a sanyi, a kai tasha da makaranta. Abin shan gida, wanda a zamanin gilas aka ɗauka na marasa hali ne, ya sami suturar zuwa kasuwa daga hannun kishiyarsa. Kuɗinsa kuwa a gari yake tsayawa, domin zoɓon da geron a gonakin Dallol aka noma su. Sai dai tsabtar waɗannan kwalabe lamari ne da ya kamata malaman makaranta da ƙungiyoyin mata su sa wa ido.

Kammalawa

Tarihin lemu a Dogon Dutsi da Tibiri ƙaramin madubi ne na tarihin cinikin ƙasar baki ɗaya. Sau huɗu cikin shekara arba'in, a 1984 da 1994 da 2019 da 2023, shawarar da aka yanke a Legas ko Dakar ko Abuja ta sauya abin da ke kan teburin mai kanti a Koren Mairuwa. Kakannin Arawa sun ga ayarin goro yana wucewa kudu da su, jikokinsu suna shan abin da ya ari sunan goron, an cika shi a wata ƙasa. Malamin da ke neman hanyar koya wa ɗalibansa ma'anar iyaka da darajar kuɗi da masana'antar gida ba ya bukatar tafiya nesa. Ya aiki yaro tasha ya tsinto kwalba uku, a karanta bayansu a aji, a tambayi dattawan gari yadda ake jinginar gilas a da, a rubuta abin da suka faɗa tun suna raye.